Zaɓen Faifan Sarƙar Babur: Ƙarfi Ko Gudu?

A shekarar 2012 Gwamnatin Jihar Yobe ta hana hawan babur a Potiskum sabili da matsalar tsaro, kana a 2022 ta ɗage wannan hani. Tun daga lokacin babura sun komo kan hanya, daga unguwar Yindiski zuwa kasuwar shanu, har ƙauyukan Fika da Nangere. Da yawa daga cikin waɗannan hanyoyi rairayi ne da rani, taɓo da damina. Babur kuwa, nan da sauran sassan ƙasa, shi ne jakin wannan zamani, ya ɗauki mutum, ya ɗauki buhun gero. Saboda haka ya kamata kowane mai babur ya san abu guda da ke iya taimakon injinsa ko ya halaka shi, watau yawan haƙoran faifan sarƙa.

Yadda abin ya ke aiki

Babur mai sarƙa yana da faifai biyu masu haƙora, waɗanda makanikai ke kira sufuroket. Ƙaramin yana gaba, jikin inji. Babban yana baya, jikin taya. Sarƙa ce ke haɗa su. Idan aka raba yawan haƙoran baya da na gaba, sai a san sau nawa ƙaramin zai juya kafin tayar baya ta juya sau ɗaya. Alal misali, in na gaba yana da haƙora 14, na baya 42, amsar ita ce 3.

Ƙa'idar ita ce: in wannan adadi ya ƙaru, ƙarfin ja ya ƙaru, gudu ya ragu. In ya ragu, gudu ya ƙaru, ƙarfin ja ya ragu. Sauya faifai ba ya ƙara wa inji ƙarfin da ba shi da shi. Musaya ce kawai, a ba da wannan a karɓi wancan.

Darasi daga masu wasan babur

A ƙasashen Turai akwai wani wasa wanda ba tsere ba ne. Mahayi ya kan bi ta kan duwatsu da kututtura da cikin rafi a hankali, kuma duk lokacin da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai a rubuta masa laifi. Shahararriyar gasar irin wannan, ta kwana shida, a Sikotilan a ke yin ta, an kuwa fara ta tun 1909. Baburan wannan wasa su kan ɗauki ƙaramin faifai a gaba, mai haƙora 10 ko 11, da babba a baya mai haƙora 40 da 'yan kai, watau adadin ya kan kai kusan 4 ko ya ɗara. Da haka babur zai yi tafiyar ƙasaita kamar mai tafiya a ƙasa, inji bai mutu ba, kuma ya hau tudun da wani babur ba zai kusanta ba. Amma a kan kwalta ba shi da wani gudun kirki. Waɗannan mutane sun zaɓi faifai bisa ga hanyar da za su bi, wannan kuwa shi ne darasin.

Lissafi a sauƙaƙe

A ɗauka babur mai haƙora 14 da 42 yana gudun kilomita 80 a sa'a guda.

1. In aka sa mai haƙora 13 a gaba, adadin ya zama 3.23. Ƙarfin ja ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100, gudu ya sauko wajen kilomita 74.

2. In aka sa mai haƙora 15, adadin ya zama 2.8. A lissafi gudu zai kai wajen kilomita 86, amma sai in inji ya iya ja. Da kaya, ko a gaban iska, sau da yawa ba ya iyawa.

3. In aka bar na gaba yadda ya ke, aka sa mai haƙora 45 a baya, adadin ya zama 3.21. Ke nan haƙori ɗaya a gaba daidai ya ke da kamar uku a baya. Sai dai babban faifai ya kan bukaci a ƙara tsawon sarƙa.

Wanne ya dace da wa?

Manomi ko ɗan kasuwa mai bin rairayi da kaya, ƙarin ƙarfi shi ne alherinsa. Babur ɗin da faifansa na gudu ne, in ya shiga rairayi sai mahayi ya dinga riƙe kuloci rabi da rabi don kada inji ya mutu. Nan kuloci ke ƙonewa, inji ya yi zafi, wani lokaci mahayi ya faɗi da kayansa nesa da gari. Wanda kuwa tafiyarsa ta kwalta ce, kamar daga Potiskum zuwa Damaturu, in ya rage haƙoran gaba injinsa zai yi ta kuka yana shan fetur a banza. Mai bin hanyoyin duka biyu, abin da ya fi masa shi ne ya tsaya kan adadin da kamfani ya sa. Samari masu ƙara haƙoran gaba don neman gudu su tuna da cewa sauri ya kan haifi nawa.

Abubuwan kiyayewa

Na ɗaya, a ƙidaya haƙoran tsohon faifai kafin a je saye. Galibi a kan buga yawansu a jikinsa.

Na biyu, a sauya haƙori ɗaya a gaba, ko biyu zuwa uku a baya, a gwada kafin a ƙara. Faifan gaba in ya cika ƙanƙanta ya kan cinye sarƙa da wuri.

Na uku, sarƙa da faifai su zama masu lamba ɗaya. Sarƙa mai lamba 428, wadda ƙananan babura da yawa ke amfani da ita, ba ta hawa faifan 520.

Na huɗu, in haƙora sun yi tsini ko sun lanƙwashe kamar ƙugiya, a sauya sarƙa da faifan duka biyu tare. Sabuwar sarƙa a kan tsohon faifai hasarar kuɗi ce.

Na biyar, a bar wa sarƙa sassauci kamar santimita 2 zuwa 3, a riƙa wanke ta ana sa mata mai kaɗan, domin rairayi in ya gauraya da mai ya kan goge ƙarfe kamar magagari. Sarƙar da ta tsinke ko ta zame a kan gudu tana iya ƙulle tayar baya.

Daga ƙarshe, lalle jama'a su sani cewa ƙarin ƙarfin ja ba izinin ƙara lodi ba ne. Birki da taya da ƙarfen babur suna nan yadda kamfani ya yi su. Babur ya iya tashi da buhu uku, ba shi ne ya iya tsayawa da su ba sa'ad da yaro ko dabba ta gitta hanya.