Zugazugin Inji: Nazari a Kan Ƙarfin Ƙananan Motoci Masu Turbo a Ƙasar Safana da Batsari

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a tashar mota ta Safana ko ta Batsari ran kasuwa, zai ji direbobi da 'yan kamasho suna auna mota da kalma ɗaya, wato "ƙarfi". A da, girman inji shi ne ma'aunin wannan ƙarfi: in inji ya cika gaban mota, to an yarda za ta ja kaya. Yanzu kuwa, cikin motocin Kwatano da ake shigowa da su Nijeriya akwai masu ɗan ƙaramin inji, wanda aka ɗaura wa wata na'ura da ake kira turbo, har dillalai na cewa ya fi babban inji ƙarfi, ga kuma rashin shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan magana ta ƙara shiga kunnen masu motocin haya. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana inda ƙarfin irin wannan inji yake fitowa, da sharuɗɗan da yake bukata, da yadda yanayin ƙasar Safana da Batsari yake shafar sa. Daga ƙarshe za a duba kalmomin da Hausa take da su na bayyana al'amarin.

2.0 Ma'anar Ƙarfi

Masana injuna sun kasa abin da Bahaushe ke kira ƙarfi gida biyu. Na farko shi ne ƙarfin doki, wato yawan aikin da inji yake yi a cikin wani ƙayyadadden lokaci. James Watt, mutumin Sikotilan, shi ya fito da wannan ma'auni a ƙarni na 18, don ya kwatanta injinsa na tururi da dawakin da ake sa wa aiki a lokacin. Doki ɗaya daidai yake da wat 746. Na biyu shi ne ƙarfin murɗawa, wato yadda inji yake iya murɗa sandar da ke juya ƙafafun mota, kuma da niyuton-mita ake auna shi.

Direbobi sun san wannan bambanci ko da ba su san lissafinsa ba, domin sukan ce wata mota "tana gudu", wata kuma "tana ja". Dokin sukuwa yana gudu, amma san huɗa shi ke ja. Direban da ya cika mota da buhunan dankali ko na masara, ya nufi hawa ko ya shiga rairayi, ja ya fi bukata, kuma tun inji bai kai ga juyi mai yawa ba.

3.0 Yadda Turbo Take Aiki

Inji ba ya ƙona mai sai da iska. A injin fetur, kowane awo ɗaya na mai yana bukatar kimanin awo 14.7 na iska, in an auna da nauyi. Saboda haka iyakar ƙarfin inji ita ce iyakar iskar da silindojinsa za su iya shaƙa. Hanyar da aka saba bi ta ƙara ƙarfi ita ce a girmama silinda ko a ƙara yawansu. Turbo kuwa wata hanya ta bi, wadda maƙeran ƙasar Hausa suka daɗe da sani. Gawayin maƙera bai fi na mai shayi yawa ba, amma zugazugi suna ɗura masa iska har ya narka ƙarfe.

Na'urar tana da fanka biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji, kafin ya kai salansa, shi ke juya fanka ta farko. Ita kuma ta biyu sai ta zuƙo iska daga waje, ta matse ta, ta tura cikin silinda. Da yake iska takan yi zafi in an matse ta, akan bi da ita ta cikin wata masanyaya mai kama da lagireto kafin ta shiga. In iska ta ƙaru, sai a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Wato hayaƙin da a da ake zubarwa banza shi ne ya zama ɗan zuga. Sai dai wannan sanda tana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, cikin hayaƙin da zafinsa kan haura digiri 900, kuma baƙin man inji ne kaɗai ke tsakaninta da ƙarfen da take juyawa a ciki.

4.0 Tarihi da Alƙaluma

Alfred Büchi, injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Ta fara amfani a jiragen sama da na ruwa da manyan injunan gas, ba ta shiga ƙananan motoci ba sai 1962, a Amurka, cikin Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Daga baya tsadar mai da dokokin rage hayaƙi suka sa kamfanonin Turai suka koma ga ƙaramin inji mai turbo.

Kwatanci zai nuna girman canjin. Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, injinta mai kafireto na kusan lita 2 bai kai doki 100 ba. Golf 3 mai lita 1.8, wadda ta zama jakin haya a arewacin Nijeriya, ƙirarta da ta fi ƙarfi a wannan girma doki 90 take bayarwa, da ƙarfin murɗawa 145. Amma injin EcoBoost da kamfanin Ford ya fitar a 2012, mai lita 1 da silinda 3 kawai, yana ba da doki 125 da ƙarfin murɗawa 170, tun daga juyi 1,400 a minti. A kan takarda dai, maganar dillalai gaskiya ce.

5.0 Injin a Ƙasar Safana da Batsari

Waɗannan alƙaluma a ɗakin gwaji aka same su, da iska mai tsabta da sanyi, da mai nagari. Ƙasar Yariman Katsina da ta Sarkin Ruma, waɗanda ke maƙwabtaka da Dajin Rugu a yammacin Jihar Katsina, yanayinsu dabam ne.

Ta wani gefen, turbo tana da riba a nan. Injin da ba shi da ita yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta tudu, yankin kuwa ya ɗara teku da kimanin mita 500. Haka kuma iskar bazara mai digiri 40 ta fi ta digiri 20 sakayau da kusan kashi 6 cikin 100. Turbo tana cike mafi yawan wannan giɓi.

Ta ɗaya gefen, akwai matsaloli huɗu. Ta farko ƙura ce. Hazon hunturu da ƙurar hanyoyin burji, in suka wuce matatar iska da ta yage ko aka gaji da kakkaɓe ta, sukan cinye fikafikan fankar. Ta biyu baƙin mai ne. Man awo da ba a san asalinsa ba, ko wanda ya wuce lokacin juyewa, yakan ƙone ya daskare a kan sandar, musamman in an kashe inji nan take bayan doguwar tafiya, ba a bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu yana hucewa ba. Ta uku fetur ne. A ƙauyukan da babu gidan mai, sai na 'yan bumburutu. In ya yi rauni ko an gauraya shi, kwamfutar motar takan jinkirta tartsatsin fulogi don kada inji ya lalace, ƙarfin da aka saya da tsada ya ragu. Ta huɗu lodi ne. Rashin shan man ƙaramin inji yana tabbata ne in ana tafiya sannu da kaya kaɗan. Motar da aka cika da mutane da buhuna, aka danne totur ɗinta daga tasha zuwa tasha, dole injinta ya ƙara mai don ya sanyaya kansa, ribar da aka yi tsammani ta tafi.

Ga kuma batun gyara. Bakaniken gefen hanya ya san cikin Golf da Peugeot kamar yunwar cikinsa, amma ciwon inji mai turbo sau da yawa sai an jona masa na'urar bincike, wadda sai a manyan garuruwa irin su Katsina da Kano aka fi samu. A yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, mutuwar mota a tsakar daji bayan faɗuwar rana ba asarar kuɗi ce kaɗai ba.

6.0 Matsayin Harshe

Hausa ta ari kalmomi da dama na kanikanci daga Ingilishi ta daidaita su da bakinta, kamar fistin da fulogi da salansa da lagireto da kafireto. Sai dai waɗannan sunayen sassa ne da ido ke gani. Abubuwan da ake aunawa ba a gani, duk kalmar "ƙarfi" ce ke ɗauke da su, shi ya sa mai saye ba ya iya tambayar dillali wane ƙarfi yake nufi, kuma a wane hali. Ana ba da shawarar a tsayar da "ƙarfin doki" da "ƙarfin murɗawa" a matsayin kalmomi biyu mabambanta, a kuma yi amfani da "zugazugin inji" wajen koyar da ma'anar turbo, domin duk wanda ya taɓa zama a maƙera zai gane cewa iska ce sirrin, kuma zugazugin da suka huje ba sa hura wuta.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ƙarfin ƙaramin inji mai turbo na gaskiya ne, amma ya rataya a kan iska mai tsabta, da baƙin mai nagari, da fetur mai kyau, da lodi daidai kima. Ma'aikacin da ke bin kwalta tsakanin Dutsin-Ma da Katsina, yana kuma juye mai a kan lokaci, zai ci moriyarsa. Direban hayan da ke shiga ƙauyukan Runka da na Ruma da kaya fiye da ƙima kuwa, ya kamata ya lissafa kuɗin mai da na matata da nisan bakanike kafin ya sayar da tsohuwar motarsa. Aikin ɗaliban harshe a nan shi ne su shiga garejoji su tattara kalmomin makanikai, su tsara su, don mai saye ya sami bakin yin tambaya kafin ya biya.