Biyan Bashin Gida Kafin Wa'adi

Rancen gida na asusun gidaje na ƙasa (NHF) ruwansa kashi 6 cikin ɗari ne, biyansa kan kai shekara 30. A shekarun farko yawancin abin da kake biya duk wata ruwa ne, uwar kuɗin da ƙyar take motsi. Shi ya sa ƙarin da ka kai yanzu ya fi na gaba amfani.

Don samun wannan ƙarin, sayi masara da wake da kaka, a rage anko, kwasar adashi ta wuce banki kai tsaye. Amma ka zauna da uwargida tukuna, domin ita za ta ji tsimin a tukunya. Kuɗin asibiti da na makarantar yara kada a taɓa su. Duk ƙarin da ka kai, banki ya rubuta maka cewa daga uwar kuɗi aka cire shi.