YAƘIN BURUMBURUM: DARASI A KAN ƘARFI DA ZALUNCI

Godiya ta tabbata ga Allah Mai jujjuya mulki tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, musamman kai da kake noman rani a Kura da Kadawa da Bunkure, ka sani ƙasar nan da kake shuka shinkafa da alkama da tumatir a kanta ta ga abubuwa tun kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974. In ka yi kudu ka wuce Rano, akwai wani tsohon gari mai suna Burumburum, a Ƙaramar Hukumar Tudun Wada. Labarinsa shi ne darasinmu.

Wane ne Babba Zaki?

Babba Zaki ɗan Yaji ya yi sarautar Kano daga 1768 zuwa 1776. Littafin tarihin sarakunan Kano ya siffanta shi da ƙarfi da fasahar magana da riƙe abu a ka. Shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Ya danne hakimai da manyan bayin sarki, yana karɓe dukiyarsu, yana tilasta musu fita yaƙi ko ba su so. Ya kai wa Birnin Auyo yaƙi, ya gina gida a Takai, sannan ya ɗaura wa Burumburum.

Yadda ake cin birni

A wancan zamani duk garin da ya isa yana da ganuwa ta ƙasa, da gwalalo kewaye da ita, da ƙofofin da ake rufewa. Galibi da rani ake fita yaƙi, bayan an kai amfanin gona rumbu, hanya ta bushe, doki ya sami wurin taka ƙafa. Runduna takan ƙunshi mahaya masu lifidi da sulke, da 'yan baka, da dakaru masu mashi da garkuwa. Sai dai doki ba ya hawa ganuwa. Saboda haka ko a zauna wa gari har yunwa ta buɗe ƙofa, ko a auka masa da ƙarfi, wanda ya mutu ya mutu.

Babba Zaki ta biyun ya bi. Ya ci Burumburum da ƙarfin tsiya, aka kama mutane da yawa, aka yanka wasu, sauran suka gudu. To, ka tsaya ka yi tunani. Waɗanda aka kora a igiya akwai mai gona irinka, mai mata da 'ya'ya irin naka.

Ƙarshen al'amari

Bayan Babba Zaki sai Dauda Abasama, sannan Muhammadu Alwali, shi ma ɗan Yaji, ya hau a 1781. Alwali ya tara gero da dawa don gudun yaƙi da yunwa, amma duk da haka yunwa ta same shi. Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi a 1804, jama'arsa ta Kano suka karya rundunar Alwali a Ɗanyaya. Sarki ya bar birni da ganuwarsa da ƙofofinsa. Ina ya ƙare? Burumburum! Garin da ɗan'uwansa ya fasa shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, nan ya nemi mafaka, nan kuma aka kashe shi a 1807. Sarautar gidansu ta ƙare ke nan.

Abin lura

Na farko, ganuwa ba ta tare hukuncin Allah. Je ka karanta farkon Suratul Hashri ka ga ƙissar Banu Nadir, waɗanda suka dogara ga ganuwoyinsu. Ganuwarka a yau ita ce kuɗinka, ko injin ban-ruwanka, ko sanin wani babba a ofis. Yi tanadi, addini bai hana ba, amma kada zuciyarka ta jingina da shi.

Na biyu, biyayyar da aka samu da tsoro ba ta daɗewa. Wanda ka tilasta wa yau, ranar da ƙafarka ta zame ba zai riƙe ka ba. Wannan ya shafi mai gari, ya shafi mai gida, ya shafi mai ɗaukar 'yan ƙwadago ya hana su haƙƙinsu har gumi ya bushe.

Na uku, kada ka ce ai ni ba sarki ba ne. Wanda gonarsa take bakin kanal, ya toshe ruwa da dare, shukar na ƙasa da shi ta ƙone, me ya raba shi da mai fasa gari in ba ƙarancin runduna ba? Haka mai ture iyakar gonar marayu, haka mai jiƙa shinkafa don ta yi nauyi a buhu. Ramin mugunta, in ji Hausawa, a gina shi gajere. Ba ka san ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa gobe ba.

In akwai haƙƙin wani a hannunka, mayar masa tun kana da iko, ka nemi gafararsa ka tuba.

Allah Ya kiyashe mu da yin zalunci, Ya kiyashe mu da a zalunce mu, Ya sa mu cika da imani, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.