Siffanta Baƙon Abu: Kallon Namun Daji a Tekun Aktik

A darasin da ya gabata an yi bayanin rubutun siffantawa. A nan za a duba wata matsala da malami kan ci karo da ita a aji, wato yadda zai siffanta wa ɗalibai abin da Hausa ba ta raɗa masa suna ba. Za a ɗauki misali daga Svalbard, wasu tsibirai na ƙasar Norway da ke can ƙuryar arewacin duniya.

A watan Mayu jiragen ruwa kan tashi daga garin Longyearbyen ɗauke da masu yawon buɗe ido. A garin, rana ba ta faɗuwa tun daga wajen 20 ga Afrilu har cikin Agusta, don haka kallo ba ya yankewa. Jirgi yakan bi gefen ƙanƙarar da ta rufe teku, domin a kanta ne wata dabbar ruwa da ake kira sil take haihuwa cikin ramukan dusar ƙanƙara, farin beyar kuwa yakan bi ƙamshinta ya fasa ramin. Shi beyar ɗin ake marmarin gani. An hana farautarsa a 1973, kuma daga 2025 doka ta wajabta a ba shi tazarar mita 500 tsakanin 1 ga Maris da 30 ga Yuni, mita 300 a sauran shekara. Mafi yawan matafiya ta madubin hangen nesa suke tsinkayarsa, ɗigo mai ruwan madara a tsakiyar fari fat. Akwai kuma walras, ƙatuwar dabba mai haure biyu, wadda aka ba kariya a 1952 bayan mafarauta sun kusa ƙarar da ita.

To, ina matsalar? Ta farko ita ce kalmar bazara. Masu fassara kan yi amfani da ita wajen ambaton wannan lokaci, alhali ɗan Kano ko Maraɗi da ya ji bazara, zafi da gumi da jiran hadari zai tuna. A can kuwa sanyi yakan daskarar da ruwa a watan Mayu. Malamin da ya ce bazara ya wuce, ya koyar da kuskure. Gara ya ce lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa.

Sunayen dabbobi sun fi wuya. Ana iya aro a gyara lafazi, kamar sil da walras, amma aro shi kaɗai ba ya zana hoto a zuci. Sai an haɗa da kwatance. Sil ta ɗan yi kama da ayu na kogin Binuwai, walras kuwa jiki kamar na dorina, haure kamar na giwa, amma ƙasa ya nufa. A yi hattara da ƙirƙira: wani zai so ya kira shi giwan ruwa, ya manta Hausa ta riga ta ba wani kifi wannan suna.

Aikin Yi
1. Me ya sa jirgi yake bin gefen ƙanƙara?
2. Siffanta farin beyar ga ɗan aji huɗu na firamare cikin jimloli biyar, ba tare da nuna hoto ba.