DARASIN TARBIYYA: Kunne Ne Ƙofar Harshe

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, Allah Ya sanar da mu cikin Suratun Nahli, aya ta 78, cewa ana haihuwarmu ba mu san kome ba, kuma da Ya lissafa ni'imominSa sai Ya fara da ji. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana cikin Muƙaddima cewa harshe yana zaunawa ne ta hanyar saurare da maimaitawa. Don haka ne Ƙuraishawa suke kai jariransu ƙauye su tashi da Larabci tsantsa, kamar yadda aka kai Manzo (S.A.W.) gun Halimatus Sa'adiyya.

Masu bincike sun tabbatar jariri yana jin muryar uwarsa tun a watannin ƙarshe na ciki. Wajen wata 6 ya soma gwaranci, wajen shekara 1 ya furta kalmar farko, wajen shekara 2 ya haɗa kalmomi biyu. Kafin ya cika shekara kunnensa ya riga ya saba da sautukan gidansu. Shi ya sa yaron Madawa yake rarrabe "kafa" da "ƙafa" ba wahala, alhali baƙo baligi yana fama.

To, ga abin da ya hau kanmu:

1. Mu yi wa yaro magana tun yana goye, mu amsa gwarancinsa. Waya da talabijin ba su amsa masa. A Adar, inda magidanta da yawa suke tafiya cin rani, kakanni da yayye su taya uwa.

2. Gidajen Keita da Buza masu Hausa da Tamajak ko Fulatanci kada su ji tsoro. Harsuna biyu ba su rikita yaro, kuma Suratur Rum, aya ta 22, ta sanya bambancin harsuna cikin ayoyin Allah.

3. Mu tsare bakinmu. Ashar da salati ta ƙofa guda suke shiga.

4. Yaron da ba ya waiwayowa in an kira shi, musamman bayan sanƙarau ko ciwon kunne, a kai shi likita da wuri. Kada mu ce miskilanci ne.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin. Wassalamu alaikum.