Zaɓen Bajimi Domin Samun Nono

Manomi, ka san ba kowace angurya a ke shukawa ba. Iri mai kyau shi ke cika buhu ran kasuwar kaɗa. To, haka abin ya ke ga shanu. Bajimi shi ne irin garkenka.

Kowane maraƙi rabin jininsa na uwa ne, rabi na uba. Saniya ɗa guda ta ke haifa, cikinta wata 9 da 'yan kwanaki. Amma bajimi ɗaya ya kan hau shanu da yawa cikin shekara. In ka zaɓi mugun bajimi, ka ɓata garke duka. Ba kuwa za ka gane ba sai bayan shekara 4 ko 5, sa'ad da 'ya'yansa mata suka haihu, ka kai ƙwarya ka ga nono kaɗan.

Girman tozo da kyan ƙaho ba su nuna nono. Bajimi ba shi da hantsa, sai ka dubi uwarsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ga abin da za ka yi:

1. Ka riƙa auna nonon kowace saniya da kwano guda, safe da maraice, rana ɗaya kowane wata. Ka rubuta, ko ka sa ɗan makaranta ya rubuta maka.

2. Saniyar da ta fi nono, ta ke daɗewa ba ta ƙafe ba, ta ke haihuwa a kai a kai, ɗanta za ka bari ya zama bajimi.

3. Sauran maruƙa maza a dandaƙe su. Ba hasara ba ce, su ne shanun nomanka.

4. Kada bajimi ya hau 'yarsa ko uwarsa. Jini ɗaya ya kan kawo raunanan maruƙa. In 'ya'yansa sun isa barbara, ka yi musanya da mutumin wani gari.

Ta wannan hanya a ke gyaran shanun Azawak a Tukunus, wajen Filinge, tun 1954: a auna nono, a ajiye masu kyau, a fid da sauran. Kada ka yi ɗokin shanun Turai. Suna da nono ƙwarai, amma zafin rana da kaska su kan kā da su, cinsu kuma ya fi ƙarfin rumbunka.

Ka tuna, jini mai kyau ba ya cika ƙwarya in ciki ba kome. Ka tanadi harawa tun da kaka. Da rani ka ƙara wa masu tatsa tunkuzar angurya. Amma kada ka ba maraƙin da bai fara tuƙa ba, gama akwai dafi cikinta da ke cutar ƙanana.

Kafin ka sayi bajimi, ka ce a tatsi uwarsa a gabanka.