Darasi: Idan Inshora Ta Biya, Wa Ke Bin Bashin?

Dukanmu mun san lamuni. Idan ka tsaya wa mutum, ya kasa biya, ka biya a madadinsa, bashin bai mutu ba. Kai ne kake binsa yanzu. Haka inshora take aiki.

A ce ƙungiyarmu ta manoma tana da motar ɗaukar hatsi mai cikakkiyar inshora. Ta taso daga kasuwar Shinkafi za ta Ƙaura Namoda, sai wata babbar mota ta buge ta, laifin kuwa na direban babbar motar ne. Kamfaninmu zai biya kuɗin gyara. Daga nan hakkin neman diyya ya koma hannunsa: shi zai bi mai babbar motar ko kamfanin inshorarsa. Wani lokaci sai kamfanonin biyu sun je kotu kafin a san wanda zai ɗauki asarar.

Me ya sa? Domin inshora tana mayar da mutum yadda yake kafin asara ne, ba hanyar cin riba ba ce. A 1883 wata kotu a Ingila ta yi shari'ar wani gida da ya yi gobara bayan an ƙulla cinikinsa. Kamfanin inshora ya biya masu gidan fam 330, mai saye kuma ya biya su cikakken kuɗin gidan. Kotu ta ce su mayar wa kamfanin kuɗinsa. Ba a karɓar diyya biyu a kan asara ɗaya.

Ga inda muke tuntuɓe. A Zurmi ko Shinkafi, da zarar an yi haɗari dattawa sukan shiga tsakani, a yi sulhu, mai mota ya ce ya yafe. Sulhu alheri ne, amma idan muka yafe ba tare da sanin kamfani ba, mun toshe masa hanyar karɓo kuɗinsa. Yana iya ƙin biyanmu.

Abin da za mu yi:
1. Mu sanar da kamfani nan da nan.
2. Mu rubuta lambar ɗaya motar da sunan kamfanin inshorarta.
3. Kada mu sa hannu a takardar sulhu sai kamfani ya yarda.
4. Idan an hana mu hakkinmu, mu kai kuka ga hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora.

Tambayar tattaunawa: Yaya za mu riƙe zumunci da wanda ya jawo mana asara, ba tare da mun yafe abin da ba namu ba?